Dokar Anti Araba

"Ka gaya wa shugaban kwamiti ban yarda ba. A'a, Mista Baiden, tsaya ka ji ni. Ban mutu ba tukuna, har yanzu da kujerata a wurin."

Anti Araba tana kwance a kan gado, waya manne da kunnenta, ni kuma ina tsaye da roba a hannu ina jiran aman ya dawo. Muryarta kaɗai ce ba ta rame ba. In ka ji ta daga tsakar gida sai ka rantse a bayan teburinta na ofis take.

"Rigar hana nutsewa ta manya ba ta riƙe yaro. Zamewa yake ta ƙasa, rigar ta taso ita kaɗai. Na gani da idona a tafki, riguna suna yawo a kan ruwa ba kowa a ciki. Duk jirgin fasinja sai ya ajiye na yara. In kuka cire wannan sashen, ku cire sunana daga takardar."

Ban ji abin da abokin aikin nata ya ce mata ba. Na dai ga ta runtse ido, ta ce, "Baɗi? Yaran bana fa?" Sai ta miƙo mini wayar, ta jawo robar.

Da ta samu kanta na goge mata baki, na ce, "Anti, mutanen da ke hararar kujerarki tun kina da ƙafafu, a kansu kike ƙarar da numfashinki?"

"Ke dai riƙe robarki da kyau, Ekua. Dokunu kika iya, ba doka ba."

Katanga ɗaya ce ta raba gidajenmu a Sekondi, a kan tudun da ke kallon tashar masunta. Ni ina sayar da dokunu, wato tuwon masara mai tsami da ake ɗaurewa a ganye, da soyayyen kifi a ƙofar gida. Ita kuwa karatun ƙera jiragen ruwa ta yi tun lokacin da ba a san mace a wannan layin ba, ta ƙare a ma'aikatar gwamnati, cikin masu rubuta ƙa'idojin yadda za a gina jirgi da kayan da dole ya ɗauka kafin ya taɓa ruwa. Rabin satinta a Accra, rabi a gida. Da asibiti suka ce ciwon ya riga ya ci hanta, a mai da ita gida, matan cocinsu suka ɗauki safiya, ni na ɗauki sauran yinin.

Tana da ɗa ɗaya, Ebo. Ba ya zuwa.

Marigayi mijinta, Eshun, masassaƙin jirgi ne, yana da fili a bakin teku inda ake gina manyan jiragen katako masu inji, irin waɗanda ke kwana a teku da mutane masu yawa. Ebo ya tashi a cikin wannan ƙurar katakon, ya gaji filin da ma'aikatansa. Sai ga sabuwar doka, wadda uwarsa ce ta yi shekaru tana faɗa a kanta: babban jirgi ba zai samu takardar izini ba sai an raba cikinsa ɗaki-ɗaki da bangaye masu tare ruwa, yadda ko ɗaya ya fashe sauran za su riƙe shi a sama. A lokacin Ebo yana da jirgi a kan gungume, an kusa gamawa, ginin tsohon yayi. Gyara shi kamar a rushe shi ne a sake.

Ranar da ya zo roƙonta ina jin su ta katanga, ina tsakiyar ɗaure dokunu.

"Maame," ya ce wa uwarsa, "'yan watanni kawai nake roƙo. In gama wannan, in miƙa wa mai shi. Na gaba zan yi yadda kike so."

"Na hana mutanen Elmina, na hana na Axim. Da wane baki zan ba ka?"

"Da bakin uwa."

"Uwarka tana gida. A ofis ba ni da ɗa."

Sai na ji ƙarar ƙofa. Mai jirgin ya janye, ma'aikata suka watse, Ebo ya kwashe kayan aikinsa ya koma Shama yana yi wa mutane rufin gidaje. Shekaru suka wuce. Ko a jana'izar dangi suka haɗu, sai ya zauna a wata rumfar daban. A unguwa kuwa an samu abin faɗa. Mata a bakin famfo suna cewa karatu ya cinye mata zuciya. Ni ma na faɗa, ba sau ɗaya ba. Ita ba ta taɓa tanka wa kowa ba, sai ta sayi dokununta biyu ta shige gida.

Wata Talata ta ce in nemo mana tasi, tana son ganin filin. Na ce ba za ta iya ba. Ta ce to za ta ja gindi ta tafi ita kaɗai, unguwa ta ga irin maƙwabciyar da take da ita. Na nemo tasi.

Talata masunta ba sa fita, duk suna zaune a inuwa suna ɗinkin koma. Da suka ga wadda nake fitarwa daga mota, wani ya ɗaga murya, "Jama'a, ku ɓoye kwale-kwalenku, ga Madam Doka nan!" Aka fara dariya. Sai suka ga yadda zanin ke zagaye ta har sau biyu, da yadda nake riƙe da ƙugunta. Dariyar ta mutu. Wanda ya yi maganar shi ne ya tashi ya kawo mata benci.

Ba ta zauna ba. Jirgin yana nan inda aka bar shi, rana ta mai da shi fari-fari, awaki suna kwance a ƙarƙashinsa. Ta dafa shi, ta riƙa bin haɗin katakan da yatsa a hankali, kamar mai duba kan yaro.

"Ekua, zo ki sa farcenki a nan."

Na sa.

"Ya shiga?"

"Bai shiga ba."

"Rana da ruwan sama na shekaru, ba wanda ya shafa masa ko man fenti, amma bai buɗe ba. Ubansa bai taɓa yin haɗi irin wannan ba. Allah ya ji ƙansa, amma bai taɓa ba."

"Kin taɓa gaya wa Ebo haka?"

Ta ci gaba da kallon katakon. "Dokar daidai take," ta ce. "Ko yau aka kawo mini, haka zan sake rubuta ta. Maganar ce. Akwai yadda ake hana mutum abu ba tare da an kore shi ba. Ni ban iya ba."

"To in je in kira shi?"

"Ban aike ki ba."

Ba ta ce kar in je ba. Washegari na bar wa matan coci ita, na rufe tukunyata na hau bas zuwa Shama. Na yi ta tambaya har aka nuna mini wani gida a bayan kasuwa, ga shi can a sama yana buga kwano. Ya yi furfura a gemu, abin da ban zata ba.

"Sista Ekua! Dokunun ne ya ƙare a Sekondi kika biyo masara har nan?"

"Sauko, Ebo. Ba zan yi ihu da maganar uwarka a titi ba."

Ya sauko yana goge hannu a wando. Na gaya masa abin da asibiti suka ce. Bai dube ni ba, guduma kawai yake juyawa a hannu.

"Ita ta aiko ki?"

"A'a."

"To kin gani."

"Me na gani? Uwarka ce, ka san ta. Ko ruwa take so ba ta iya cewa a ba ta, sai ta ce kofin nan an ajiye shi ba daidai ba. Jiya ta sa na kai ta filinku. Da ƙyar take tsayawa, amma ta tsaya tana shafa jirginka."

Hannunsa ya tsaya. "Yana nan?"

"Yana nan, awaki sun gode maka."

Ya so ya yi dariya, ba ta fito ba. Ya ɗaga kai ya dubi rufin, rabi a buɗe, ya dubi hadarin da ke haɗuwa ta wajen teku. Ya ce mutanen gidan suna da jariri, ba zai bar su a buɗe ba. In ya rufe zai zo.

"Kar ka daɗe," na ce. "Ba ta da yawa."

Bai daɗe ba a lissafinsa. Amma kafin ya zo ciwon ya hau mata kai. Idanunta suka yi rawaya, ta fara kirana da sunan wata sakatariya da ta yi ritaya tuntuni, tana ce mini in kawo fayil. Mista Baiden ya kira, na ce masa ba ta iya magana.

Da hantsi Ebo ya iso, da wankakkiyar riga, da ledar lemo a hannu. Ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin kamar baƙo. Na ce, "Anti, ga wanda ya zo." Ta juyo a hankali, ta dube shi sama da ƙasa, ta tsaya a kan hannuwansa.

"Masassaƙi ne," ta ce. "Shigo, zauna. Ekua, ba shi kujera."

Ya zauna a bakin gado. "Maame."

"Na san abin da ya kawo ka. Jirginka yana kan gungume, kana son a ɗaga maka ƙafa." Ta lalubo hannunsa ta riƙe. "Ka yi haƙuri, ɗan nan. Ba zan iya ba. Ba don na raina aikinka ba ne. In ruwa ya shiga da dare, mutanen da ke ciki ba su da inda za su gudu. Ka gane?"

Na buɗe baki zan ce mata Ebo ne, ya ɗaga mini hannu.

"Na gane, Madam," ya ce.

"Ba kai kaɗai na hana ba. Ɗana na cikina ma na hana shi. Kuma kaf bakin tekun nan babu mai hannunsa. Ka je filin Eshun ka gani, ko farce ba ya shiga."

Ebo ya sunkuyar da kai. Da ƙyar ya ce, "Yanzu yana ina, ɗan naki?"

"Yana Shama. Fushi yake da ni." Ta numfasa. "Yana da gaskiya. Na ce masa ba ni da ɗa. A ofis nake nufi, amma haka na faɗa, da bakina. Wace uwa ce ke faɗin haka?"

"Wataƙila ya huce."

"A'a. Ni ya gado."

"Zai zo, Madam. Na san shi. Ya ce in gaya miki yana hanya."

Ta yi murmushi, irin wanda ake yi wa mai ƙarya don ya faranta maka. "Kana da kirki," ta ce. "Ka sa bangayen nan, ka dawo, ni da kaina zan sa maka hannu." Sai barci ya ɗauke ta, hannunsa yana cikin nata.

Bai zare hannun ba. Ni na fita tsakar gida na toshe bakina da zani.

Ya kwana a gidan. Shi ya riƙa juya ta, yana jiƙa mata leɓe da auduga. Yakan sunkuya ya ce, "Maame, Ebo ne, na zo," sau da yawa, ko za a dace. Wani lokaci idanunta su buɗe su wuce ta kansa. Ba ta sake yin magana mai ma'ana ba. Kashegari kafin azahar, ina cikin kwashe dokunu daga wuta, na ji ya kira sunana sau ɗaya ta katanga, ba da ƙarfi ba. Na sauke tukunyar.

Da motar ɗakin ajiye gawa ta tafi da ita, gidan ya cika da matan coci, suna waƙa ƙasa-ƙasa. Masuntan ma sun hau tudun, suka tsaya a waje da huluna a hannu. Da la'asar Mista Baiden ya iso da wasu mutum biyu daga ofis. Ya yi wa Ebo ta'aziyya da dogon Turanci, ya ce ƙasa ta yi rashi, ma'aikata za ta aiko da wakilai ranar jana'iza. Da zai shiga mota na bi shi.

"Ranka ya daɗe, maganar rigunan yaran fa?"

Ya dube ni, yana ƙoƙarin tuna ko ni wace ce. "An ɗage zuwa zama na gaba," ya ce. "Masu jirage sun yi ƙorafi. Za a duba."

Na koma ciki ban gaya wa kowa ba.

Mutane suka ragu. Hadari ya taso daga teku, iska ta fara kaɗa ƙyauren taga. A igiyar tsakar gida akwai wankin da na yi mata da safe, zannuwa biyu da rigar barci da ɗan tawul. Kafin in tashi Ebo ya riga ni. Ya riƙa cire su ɗaya bayan ɗaya, yana ninkewa da kyau, yana ɗorawa a hannunsa. Da ya gama sai ya tsaya a tsakiyar gidan da kayan a ƙirjinsa, yana kallon ƙofar ɗakinta. Yayyafi ya fara sauka a kan kwano. Bai shiga ba, bai kuma ajiye su ba.