Reshen Kudu

Yamma ta huɗu ke nan a jere da Araceli ke gangarowa kwarin rafi da batir a kafaɗa. Mota ba ta iya sauka wannan gangare, sai a ajiye ta a bakin shinge a ƙarasa da ƙafa, tsakanin duwatsu da ƙaya. Batirin na tsohuwar motar gona ne, nauyinsa kamar na ɗan maraƙi, ga shi ba ya riƙe wuta fiye da kwana guda.

Ta tarar da kawunta Chebo tsaye ƙarƙashin gangar masara. Ganga ce ta ƙarfe bisa ƙafafu uku, da ɗan inji a gindinta mai watsa wa bareyi masara safe da yamma. Faifan sola ne ya kamata ya riƙa ciyar da batirinta, amma tun ranar Litinin ya daina, sai dai ta kawo wanda ta caza a gida.

"Sannu da dako, Injiniya," in ji shi. "Shekara biyu a birnin San Angelo ana karatun lantarki, ashe jaki aka koyo."

"Masara dai ba ta yanke ba, Kawu."

"Da kafaɗarki. Har yaushe? Mafarautan bareyi na tafe nan da mako biyu, ke kuma kina kantin abincin dabbobi daga safe har ƙarfe huɗu." Ya nuna sama da haɓa. "Jibi Asabar zan zo da zarto. Reshen kudun nan ya sauka, rana ta shigo, kowa ya huta."

Ba ta ɗaga kai ba, ta san reshen. Bishiyar pikan ce, mai 'ya'ya masu ɓawo da ake fasawa a ci, wadda mutum huɗu ba sa haɗa hannu a jikinta, ta riga shinge zuwa wurin, ta riga sunan zuriyarsu, Treviño. Reshenta na kudu ya miƙe ya sunkuyo har yana shafar ƙasa, kaurinsa ya fi wata bishiyar. A kansa mahaifiyar Araceli, ƙanwar Chebo, take zama tana fasa 'ya'yan pikan da dutse, kafin ciwo ya ɗauke ta. Kuma duk wanda ya san itace ya san rauni irin wannan ba ya rufewa. Ruɓa za ta shiga ta nan, ta ci zuwa zuciya.

Matsar da gangar fili ba zai yiwu ba. Bana fari ake yi, bareyi ba sa fitowa sarari da rana, sai wannan inuwa da ke kusa da ragowar ruwa.

"Lissafina daidai ne," ta ce. "Akwai taga."

"To tagar taki an rufe ta."

Tagar gaskiya ce. A watan Satumba ta yi yini guda a ƙarƙashin bishiyar, tana bin hasken da ke ratso ganye tana alama da tsakuwa, har ta gano wuri ɗaya, faɗinsa bai fi tabarma ba, inda rana ke sauka daga ƙarfe goma zuwa ɗaya. Nan ta kafa sanda ta ɗaura faifan. Mako uku yana aiki lafiya lau. Yanzu kullum da yamma takan duba: faifan fes, waya ba cizon kurege, mitar gwajin wuta na cewa komai ƙalau, batir kuma wayam kamar ba a yi rana ba. Wannan ya fi zagin Kawu ci mata rai.

Asabar ta zo da sanyi, iskar arewa ta kwana tana kaɗawa. Suka sauka kwarin wajen ƙarfe tara, shi da zarto mai inji a hannu, ita da mita a aljihu.

"Ka ba ni zuwa goma," ta ce. "In gani da idona."

"Ki gani da ido huɗu ma." Ya zauna a kan dutse, ya buɗe ƙunshin tako, wainar masara da aka naɗe da ƙwai da wake, ya miƙa mata ɗaya. Ta ƙi karɓa. "Zuciya irin ta uwarki," ya ce, ya cinye duka biyun.

Tana jira ne ta lura da saman bishiyar. Ganyen can ƙololuwa ya yi ruwan ƙasa, ya yi cunkus, yana rataye tuli-tuli kamar tsummokara. Ta ɗauka wata cuta ce ta kama itacen. Da yamma ba ta taɓa duban sama ba, kanta kullum a sunkuye yake ƙarƙashin kaya.

Sai rana ta hau gefen tudu ta taɓa ƙololuwar.

Ganye ɗaya ya buɗe, ya zama ruwan lemo. Wani ya buɗe. Kafin ta ja numfashi sau biyu, saman bishiyar gaba ɗaya ya kama kamar an hura garwashi. Malam-buɗe-littafi ne, dubbai a kan dubbai, sun lulluɓe rassan har suna lanƙwasa su, suna buɗe fukafukai suna rufewa a hankali. Sannan suka fara zubowa. Suka biyo sandar hasken da ke ratso tagar, suna juyawa a cikinta, da wata 'yar ƙara kamar yayyafi a kan busasshen ganye. Kwarin duka sanyi ne, wuri ɗaya tak ke da ɗumi, baƙin gilashin nan da rana ta fara gasawa. Suka sauka a kansa. Goma, hamsin, har babu ko faɗin farce na gilashi a waje. Wanda ya ji ɗumi ya tashi, uku su maye gurbinsa.

Araceli ta durƙusa a inda take. Ɗaya ya sauka a bayan hannunta. Ba ta ji nauyinsa ba ko kaɗan, sai ɗan kamun ƙafafunsa. Abin da bai kai nauyin takarda ba, ya taso tun daga ƙasashen sanyi, yana da sauran tafiyar makonni zuwa duwatsun Meziko, kuma bai taɓa ganin hanyar ba.

Da ta waiwaya, Kawu Chebo na tsaye, hularsa a ƙirji, biyu sun sauka a kan furfurarsa.

"Rabon da su sauka a nan tun ina saurayi," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Kakarki takan ce mutanenmu ne da suka riga mu, suna komawa gida kafin ranar tunawa da matattu." Ya share hanci da bayan hannu. "To, Injiniya, ga ɓarayin wutarki. Sai ki kai su ƙara."

Ta yi dariya, hawaye na zuba. Sun fi awa ɗaya suna kallon baƙin.

Shi ne ya fara dawowa duniya. "Nan da mako guda sun wuce. Amma dubi can." Ya nuna mata tsakuwoyinta na Satumba. Hasken ya riga ya goce musu da taku biyu. "Rana na kwantawa kudu. Kafin Nuwamba tagarki ta rufe da kanta, da baƙi ko babu baƙi. Wannan ba su koya miki ba?"

Sun koya mata. Ita ce ta manta, don murnar ta samo taga.

"Ba ni diga," ta ce. "Faifan zai koma fili, can bayan duwatsu. In ja waya mai kauri cikin bututu, in binne, kada aladun daji su tono ta."

"Taku saba'in ne, 'yar nan, kuma farin dutse ne zalla. Ni da ƙarfina ban haƙa ramin shinge a nan ba sai da na zagi kakannina."

"Kai ka zagi naka. Ni ba ni diga."

Kwana tara ta yi. Daga kanti ta wuce kwari, ta sauke batir, ta ɗauki diga har hasken yamma ya ƙare. Diga na tsalle daga dutsen tana dawo mata da zafin har haƙora. Tafin hannunta ya yi ruwa, ya fashe, ta naɗe da tsumma ta ci gaba. Wata rana taku goma, wata rana huɗu. A kwana na shida iska ta juyo, baƙin suka tashi gaba ɗaya, suka bi ta kanta suna yin kudu, layi mai tsawo kamar hayaƙi. Ta jingina da diga tana kallo har wuyanta ya gaji, sannan ta tofa yawu a hannu ta koma.

Ranar da ta haɗa wayar ƙarshe, ba ta sauya batir ba. Washegari ma haka. A rana ta uku Kawu Chebo ya sauko da yamma, ya karɓi mitar ya juya ta sama da ƙasa kamar ya iya karantawa. Ƙarfe biyar daidai injin ya yi ƙara, masara ta watsu, ta bubbuga masa a hula da kafaɗu.

"Kai! Ko sanarwa babu?" Ya kakkaɓe riga. Ya dubi reshen, ya dubi hannayenta da ke naɗe. "A bar shi," ya ce. "Amma wannan ramin naki a karkace yake."