Kujerar Gaba ta Inna

Ƙarfe bakwai na safe ne. Ruwan da aka yi da asuba ya ɗauke, amma sama ba ta washe ba, lungunmu kuma duk ya zama caɓi. Na fito da bokiti da tsumma na sake goge motar, duk da na wanke ta jiya. A ranar ne Inna za ta dawo daga Makka.

Motar tawa 'yar ƙarama ce, ta hannu, irin mai ƙofar baya da ake ɗagawa sama. Da abin da lambun rake ya ba ni na saye ta. Abokaina suna ce mata akwatin ashana. Yayana Hashimu, mai kanti a bakin kasuwar Matameye, bai taɓa sa ƙafa cikinta ba. Inna kuwa tana son ta. Gwiwoyinta sun daɗe suna damunta, motar kuma gajera ce, ba sai ta ɗaga ƙafa ba, zama kawai take yi kamar a kujerar tsakar gida. Ga shi ita kaɗai ce motar da ke iya shiga lungunmu har bakin zaure.

Ranar da za ta tafi ta riƙe hannuna a gaban kowa, ta ce, "Yayanka ya biya kujerar jirgi, Allah ya yi masa albarka. Kai kuma kujerar dawowa taka ce. A 'yar motar nan zan shigo gari, ka ji ko?"

Na ce na ji. Tun daga ranar nake shiri. Na canja tayar gaba, na sa makanike ya gyara ƙofar da ke ƙin rufuwa. Matata Zulaiha ta ɗinka matashi mai laushi muka ɗora a kujerar gaba, ban kuma bar kowa ya zauna a kai ba.

Ana gobe za ta iso, Yaya ya kira ni kanti. Ya ce kar ɗin alhazai, wato babbar motar fasinjan da ta ɗauko su, ya taso daga Yamai, za su kwana Maradi, kafin azahar suna Damagaram, in je tasha can in jira.

Na ce, "Yaya, ai ta Takeita kar ɗin yake bi. Me zai hana in tare ta a mararraba, mu gangaro gida?"

Ya ce, "Ba sa tsayawa. Sai a tasha ake sauke alhazai, saboda takardu. Kai da ka gudo daga lakwal a aji uku, me ka sani game da takardu?"

Yana dariya ya faɗa, ni ma na yi dariya. Gaskiyarsa ce, ban sani ba.

Na kama hanya a hankali, don ba ta son a matsa mata. Gero ya fito kore shar ta ko'ina har Kance. Da na kai mararrabar Takeita, sai na hangi farar katkat, doguwar motar nan ta Alhaji Abdurrazak, ubangidan Yaya a kasuwanci, tsaye a gindin wata bishiya. Na danna hon na gaisuwa. Shofer ɗin ya kawar da kai. Na ce a raina wataƙila bai gane ni ba, na wuce.

A tashar Damagaram na zauna kan benci har aka kusa kiran azahar. Kar ya shigo, mata suka ɗauki guɗa. Na tsaya bakin ƙofarsa ina duba fuska ɗaya bayan ɗaya, har ya zama babu kowa ciki sai mai shara. Wata tsohuwa da ke zaune kan jakarta ta lura da ni.

Ta ce, "Ɗan nan, wa kake nema?"

Na ce, "Mahaifiyata. Daga Matameye take, tana ɗan ɗingishi."

"Hajiya Rabi? Ai ta sauka Takeita tun ɗazu. Babban ɗanta ya zo da wata ƙatuwar mota, sai da mutum biyu suka ɗaga ta kafin ta shiga. Ta yi ta cewa ina Hamisu, ina Hamisu."

Na ce ni ne Hamisun.

Ta dube ni, ta dubi makullin da ke hannuna. "To ashe ta tashi? An ce mata motarka ta mutu tun shekaranjiya."

Sai a lokacin na tuna gilashin katkat ɗin nan baƙi ne, amma na ga inuwar mutum a kujerar baya.

Cikin sauri su Yaya sun manta jarkar zamzam ɗinta a ƙarƙashin kayan mutane. Shofer ɗin kar ya miƙo mini, da sunanta a jiki. Na buɗe ƙofar baya, sai na fasa. Na ɗora ta a kujerar gaba, kan matashin, na ja bel na ɗaure ta. A shingen fita gari wani jandarma ya leƙo ya ce, "Fasinjan naka ba ya gaisuwa?" Na yi ƙoƙarin murmushi, ya ɗaga mini hannu.

Bayan la'asar na iso. Katkat ɗin tana bakin titi, don ba ta iya shiga lungu ba. Ni na shige har bakin zaure. Zulaiha ta tare ni, ta ce da ƙafa Inna ta tako lungun cikin caɓi, mata biyu suna riƙe da ita, sau biyu tana tsayawa ta dafa bango.

Na same ta a ɗaki, an miƙe mata ƙafafu kan tabarma, bakin farin mayafinta duk laka. Na durƙusa na gaishe ta, na ajiye jarkar a gabanta. Yaya yana zaune gefe cikin sabuwar babbar riga.

Ta ce, "Hamisu, ina ka samo wannan?"

"A tashar Damagaram, Inna."

"Da me ka je?"

"Da motar. Tana nan ƙofar gida."

Ta juya ta dubi Yaya, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta ɗora hannu a kaina ta yi addu'a mai tsawo. Hannun yana ƙamshin turaren can.

A zaure Yaya ya cim mini. Ya rage murya don baƙi. "Kada ka ɗauke shi da zafi. Mutane sun taru, har mutanen Alhaji. So kake a ce na kai uwata Makka, ta shigo gari cikin akwatin ashana?"

Na ce, "Da ka faɗa mini, Yaya. Ko a bayanku ne sai in biyo, in ɗauke ta daga bakin titi."

"Ai da ba ta yarda ta shiga tawa ba."

"Shi ya sa ka ce ta mutu."

Ya gyara hularsa, ya leƙa waje. Ruwa ya sake saukowa, lungu ya fara gudu da jan ruwa. Shofer ɗin Alhaji yana can bakin titi yana ta danna hon, don Yaya zai bi shi su mayar da motar, ya yi godiya. Yaya ya dubi farar rigarsa, ya dubi takalminsa, ya dubi lungun.

Na fita cikin ruwan na buɗe ƙofar gaba. Na ɗauke matashin Inna na mayar da shi kujerar baya, na bar ƙofar a buɗe, na zagaya na tayar da mota. Yaya ya ɗan tsaya, sannan ya tattare rigarsa ya shigo, gwiwoyinsa suna tokarar gaba. Na ja da baya a hankali har bakin titi, na tsaya dab da ƙofar katkat ɗin don kada ya taka ruwa. Ya fita, ya haye, ya ja ƙofa.

Na miƙa hannu na rufe tawa da ya bari a buɗe.