Akwatin Allurar Mama

Yayana, wanda kowa ke kira Injiniya, yana da kifaye goma sha ɗaya a falonsa, kuma wallahi ya fi sanin lafiyarsu a kan ta ubanmu. Akwatin gilashi ne dogo da ya cinye bango guda, da fitila a sama, da ɗan famfo mai hura kumfa. A ciki ya shimfiɗa yashi da tsakuwa, ya dasa ciyayin ruwa iri-iri. In baƙo ya zo, ba zai ga ruwan sha ba sai ya haddace sunan kowace ciyawa.

Baba masassaƙi ne. Shekara arba'in yana riƙe da gizago kafin ɓarin jikinsa ya shanye, Yaya ya ɗauko shi. Hannun dama ya mutu, baki ya karkace, magana ba ta fita daidai. Ni kaɗai nake gane abin da yake faɗa, don ni ce nake rufe shagon ɗinkina kullum da yamma in zo in ba shi abinci, in yanke masa farce, in saurare shi. Abin da ya rage masa a duniya kujera ce guda a gefen gilashin nan. A nan yake wuni. Shi ke barbaɗa wa kifayen abinci da hannun hagu, kuma akwai wani ja mai doguwar wutsiya da ke tasowa daidai yatsansa. Yaya ya tsani kujerar. Ya ce tana ɓata masa tsarin falo, ya sha cewa ɗakin baya ya fi iska. Ɗakin da ko tagarsa ba ta buɗuwa!

A ɗan teburin da ke gefen Baba akwai akwatin allurar Mama. Shi ya sassaƙa mata shi tun kafin su yi aure, da jan itace mai nauyi, ya zagaye shi da zanen ganye. Da ta rasu bai bari kowa ya taɓa shi ba. Duk shekara yakan dama maganin gara da mai ya shafe shi ciki da waje, har itacen ya sha ya ƙoshi. Da hannunsa ya mutu ni na gaji aikin, yana zaune yana yi mini faɗa wai ban shiga lunguna ba.

Wata Asabar na shigo na ji gidan yana warin dafaffen itace. A kicin na iske Yaya tsaye kan tukunya, da cokali a hannu, yana juya akwatin Mama cikin tafasasshen ruwa. Ya ɓalle murfin. Ya huda ƙasan da injin huda, rami bakwai. Allurai da maɓallai da zoben ɗinkinta kuwa ya juye su a kofin roba kusa da wurin wanke-wanke.

"Yaya, me nake gani haka?"

"Tukunyar shuka," ya ce, ko kallona bai yi ba. "Na gani a waya, haka masu abin suke yi. Ka dafa katakon ya daina tasowa, ka cika shi da tsakuwa, ka dasa ciyawa, saiwa ta bi ramukan. Shekara nawa yana zaune yana tara ƙura?"

"Na Mama ne fa!"

"To Mama ɗinki take yi yanzu?"

Kai, na ji kamar in kife masa tukunyar a ƙafa. Sai na juya na tafi falo wurin Baba.

Da akwatin ya huce Yaya ya kawo shi falo, ya cusa ciyawa mai dogon ganye a ciki, ya naɗe hannun riga. Baba ya ga abin da ke hannunsa. Na ɗauka kuka zai yi saboda akwatin. Ina! Gilashin ya nuna da hannun hagu, yana ta fama da harshensa, yawu na zuba a haɓarsa. Na ji shi sarai. Cewa yake: "Akwai guba a jikinsa. Kada ya sa. Za su mutu."

Yaya ya juyo a gajiye. "Me kuma yake cewa?"

Na dubi ramukan nan bakwai. Na dubi kifayen da ake auna wa zafin ruwa safe da yamma.

"Ya ce ka sa shi a tsakiya, inda za a fi gani."

Yaya ya yi dariya. "Kin gani? Tsohon ma ya fi ki wayewa."

Baba ya daina motsi. Ya ɗago ido ya zuba mini, ni kuwa na sunkuya ina gyara masa bargon ƙafa. Ba zan yi ƙarya ba, daɗi na ji a raina. So nake Yaya ya ɗanɗana yadda rasa abu yake.

Washegari ruwan ya koma kalar shayi. Yaya ya ce haka katako yake yi. A kwana na uku kifayen suka taru a sama suna buɗe baki. Baba ya barbaɗa abinci, jan bai taso ba, yana kwance a gefe cikin ganyen da ke akwatin Mama. Kafin Laraba babu ko ɗaya mai rai.

Yaya ya kira mutumin da ke sayar masa da kifi. Mutumin ya shinshina ruwan, ya ce ai wannan maganin ƙwari ne. Sai Yaya ya juya a hankali ya dubi kujerar.

"Wa ke wuni a nan? Wa ke sa hannu a ruwan kullum?"

"Haba Yaya! Mutumin da ko cokali da ƙyar yake riƙewa?"

"Ramuwa ya yi. Saboda ruɓaɓɓen katako ya kashe mini kifi!"

Nan na sha gabansa. Na faɗa masa komai: maganin garar, shafawar kowace shekara, gargaɗin Baba, da ƙaryar da na yi. Har rantsuwa na yi masa. Ya saurare ni yana murmushi.

"Da ma ke ce lauyarsa. Ranar kin ce ya ce a sa a tsakiya, yau kin ce ya ce guba. Gobe kuma me zai ce?"

A ranar ya ɗauke kujerar da kansa ya kai ɗakin baya. Ya dawo ya ciccibi Baba kamar buhu.

Akwatin a kwandon shara na tsince shi. Da ya bushe ya tsage gida biyu, zanen ganyen ya kumbura ya yi fari. Na goge shi, na ɗaure da zare, na mai da allurai, amma suna zubewa ta ramukan. Haka na kai wa Baba na ɗora masa a cinya.

"Baba, ka yafe mini. Haushi ne ya kwashe ni."

Ya ture shi da bayan hannu ya faɗi ƙasa. Ya juya fuskarsa bango.

Wata huɗu ke nan. Yaya ya wanke gilashi, ya sayo sababbin kifaye, ya ajiye tukunyar fure inda kujerar take. Ni har yanzu ina rufe shago da yamma in zo. Baba yana karɓar abinci daga hannuna, yana miƙo farce in yanke. In lokacin ciyar da kifi ya yi, yatsunsa na hagu sukan murza iska a kan bargo. Amma tun ranar bai ƙara ce mini ko uffan ba, kuma ba wanda ya rage da zai gane shi.

Jiya Yaya ya leƙo ɗakin, ya ce mini, "Kin ga tun da ya dawo nan ya samu natsuwa. Ko surutun nan ya daina."