Lamba Shida

Abin da ya kusa raba Baba da gidansa bai wuce ɗan maɓallin da ke gefen tosta ba, na'urar nan ta gasa burodi. Lambobi ne a jikinsa, ɗaya zuwa shida. Auta, 'yarsa ta ƙarshe, nas ce, kuma duk Asabar take zuwa duba shi. Asabar uku a jere tana tarar da maɓallin a kan shida. Ta mayar da shi uku, ta dawo ta tarar ya koma.

Ita a saninta shida gawayi kawai take yi, babu mai hankalin da zai kai can. Ma'aikatan asibiti kuwa, ko atishawa ka yi sai sun ba ta suna. Sai ta fara yi masa tambayoyi cikin dabara: yau wace rana ce, ina ya ajiye makulli, ya kashe gas? Baba yana amsawa yana dariya a ciki, har ranar da ta zaunar da shi a falo ta ce sun yi shawara da yayyenta, an gyara masa ɗaki a gidanta. Tsoronsu kada mantuwa ta sa ya ƙona gida yana ciki.

Nan dariya ta ƙare. Shekara talatin da huɗu yake cikin gidan nan. Ya san ƙofar da sai an ɗaga ta take rufuwa, ya san famfon da sai an lallaba shi yake kawo ruwa. Gidan Auta ba laifi, amma can baƙo zai zama, ana bin sa da tambayar ko ya sha magani. Ya ji tsoro ƙwarai, don ya san yaran nan idan suka haɗa kai.

Bai tsaya gardama ba. Tsohon tela ne, ya saba a gwada riga kafin a yi musu. Ya ce ta biyo shi kicin.

Ya buɗe firiza ya ciro leda. Burodi ne a ciki, an yanka da kauri, an sa takarda tsakanin yanka da yanka don kada su manne. Ya ƙwanƙwasa ɗaya a kan tebur, ya yi ƙara kamar katako. Ya zura biyu a tosta, ya murɗa shida, ya danna. Suna jira ya bayyana mata cewa burodi mai ƙanƙara sai ya narke tukuna, ya bushe, sannan ya fara gasuwa. A kan uku waje ne kawai ke ɗumi, ciki sanyi ƙalau. Ya ce waɗanda suka ƙera abin ba don ado suka sa shida ba.

Burodin ya fito ja-ja, babu ƙuna ko kaɗan. Auta ta gutsura, ta tauna. Can ta tambaye shi me ya kai burodi firiza, ga shago a bakin layi.

"Da mamanki na nan, kwana biyu muke cinye guda," in ji shi. "Yanzu kafin in kai rabi ya yi fumfuna."

Ta ce to ya riƙa sayen ƙarami mana.

"Babba mamanki take saye. Mai shagon ya saba, da ya gan ni sai ya miƙo. Na kasa ce masa ya canja."

Auta ta juya tana wanke kofin da ba shi da datti. Da ta gama, ta fita tsakar gida ta kira babban yayanta. Baba yana jin ta tana cewa a bar maganar ɗaki, tsohon nan ya fi su hankali su duka. Daɗi ya kama shi har kunnensa, amma ya ɗaure fuska kafin ta shigo.

Ta ce daga yau burodin Asabar kada ya sa shi a firiza, za ta zo da yara su cinye shi tas.

"To ku taho da bota," in ji Baba. "Tawa ba za ta ishe ku ba."