Ƙafar Alhaji Nababa

Dakta Jonah Yamusa ya daɗe yana tsaga cikin mutane a ƙaramin asibitinsa na Karu, kuma duk wanda ya tsaga sai ya gode masa. Da ya zama ɗan majalisar dokokin jiha bai sake taɓa kowa da wuƙa ba, amma zagi bai taɓa yanke masa ba.

Jiharsu tana maƙwabtaka da Abuja. Majalisa tana can babban birnin jihar, sai dai kowa ya san ba can ake yanke shawara ba. A unguwar Jabi ta Abuja ake yankewa, a falon Alhaji Nababa, mutumin da bai taɓa tsayawa zaɓe ba, saboda haka bai taɓa faɗuwa ba. Shi ya ɗauko Dakta daga asibiti lokacin da jam'iyya ke neman Kirista mai ilimi wanda bai ci kuɗin kowa ba, aka duba cikin gida aka rasa.

Alhaji ba ya zama a kujera. Kan darduma yake zama, ya jingina da matashi, ya miƙe ƙafafu. Duk mai neman wani abu sai ya durƙusa daidai tafin ƙafarsa ya yi gaisuwa. Dakta ya koyi durƙuson, kamar yadda ya koyi tafi da cewa "haka ne, ranka ya daɗe." A wa'adinsa na farko ya kai ƙudiri ɗaya tak, na sanya ungozoma a kowane asibitin ƙauye, ya tsallake karatu na biyu ya kwanta a kwamiti. Yana ganin in ya koma zai tashe shi. Komawar kuwa tana hannun Alhaji, don shi ke raba tikiti.

Ranar da aka fara zaman rabon, Dakta ya durƙusa, sai hancinsa ya riga shi gaisuwa. Ƙarƙashin turaren wuta da na kwalba akwai wani wari mai ɗan zaƙi-zaƙi da ya sani tun yana ɗalibi. Ya saci kallon ƙafar hagu. Safar ta jiƙe wajen babban yatsa, idon sawun ya kumbura yana sheƙi. Ciwon sukari ne ya ci yatsa, kuma mai ƙafar ba ya jin zafi, shi ya sa yake zaune yana dariya.

Dakta ya ce, "Allah ya ƙara lafiya, ranka ya daɗe." Ya koma gefe ya zauna.

A gidan nan ba a cewa Alhaji ba shi da lafiya. Wani kansila ya taɓa ce masa ya rame, washegari aka ce yana jiran mutuwarsa, yau yana sayar da katin waya a tashar Jabi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: ranar da aka ji ƙishin-ƙishin Alhaji ya kwanta, rabin masu durƙuson nan za su nemi wata dardumar. Ganinsa shi kaɗai kuwa ba ya yiwuwa. Ko alwala zai yi, akwai mai riƙe buta da mai riƙe da mai riƙe buta.

Da ya koma gida ya gaya wa matarsa Magdalena, wadda nas ce, ita ke riƙe da asibitin tun da ya tafi majalisa.

Ta ce, "Ka faɗa masa?"

"A gaban mutane?"

"To a gaban wa? Yatsan zai jira mutane su watse ne?"

"Ranar Asabar za a bayyana sunaye. Daga nan sai in same shi."

Ta ci gaba da ninke zanen gado. "Honarabul," in ji ta, ita da ba ta kiransa haka sai an yi faɗa, "da wani ƙaramin likita ne ya gaya maka wannan maganar a asibitinka, da ka kore shi."

Bai koma Jabi ba sai Asabar ɗin.

Falo ya cika har waje. An ƙara kaskon turare na biyu. Bello, mai gidajen mai, wanda shi ma yake neman kujerar Dakta, yana zaune kusa da matashi yana yi wa Alhaji fifita duk da sanyin na'ura. Dakta ya durƙusa. Kumburin ya wuce idon sawu, ya hau ƙwauri. Goshin Alhaji yana tsattsafo da gumi, leɓensa ya bushe. Ba zancen yatsa ake yi ba kuma.

Alhaji ya ce, "Dakta, ka kwantar da hankalinka. Sunanka na ciki."

Abin da ya rage shi ne ya ce ya gode, ya ja da baya. Sai ya ga hannunsa ya kama bakin safar yana saɓule ta a hankali, yadda ake ɗaye bandeji. Warin ya tashi ya danne turaren. Na gaba-gaba suka kau da kai, waɗanda ke baya suka miƙa wuya.

"Ranka ya daɗe, ƙafar nan ta ruɓe. In ba ka kwana a asibiti yau ba, ba za ka ga zaɓe ba."

Bello ya ce, "Subhanallahi! Oga, ka ji fatan da yake maka?"

Alhaji ya dubi ƙafarsa kamar ta wani ce aka ajiye masa. Sannan ya dubi Dakta. "Tikiti ka zo karɓa, ko duba ni aka aiko ka?"

"Ba wanda ya aiko ni."

"To mayar mini da safata."

Ya mayar masa. Kafin la'asar aka karanta sunaye, Bello ya samu kujerar.

Bayan sallar la'asar wata mota mai baƙin gilashi ta tsaya a ƙofar baya ta asibitin Karu, inda ake fitar da shara. Magdalena ce ta buɗe. Jam'iyya kuwa ta sanar cewa Alhaji ya tafi Umara.

Dakta ya yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Hannunsa bai manta aikin ba. Yana ɗinki yana lissafin abin da babu wanda zai tambaye shi: ranar farko, da yatsa ɗaya za a cire.

Da Alhaji ya farfaɗo, ya daɗe yana kallon inda bargo ya kwanta babu tudu. Ya ce, "Yaushe ka fara gani?"

"Ranar zaman farko."

"Ka yi shiru."

"Na yi shiru."

Alhaji ya gyaɗa kai, kamar wanda aka gaya wa farashin da ya riga ya sani. "Da ni ne ma haka zan yi. Amma tikitin ba zai dawo ba, Dakta. Ka tuɓe ni a gaban yarana."

"Na sani, ranka ya daɗe. Ɗaga hannu in auna jininka."

Ƙudirin ungozoma ya mutu tare da wa'adin majalisar. Da watan ya ƙare Alhaji ya dawo daga Umararsa, aka ce gwiwa ce ta ɗan matsa masa a wajen ɗawafi, shi ya sa yanzu yake zama a kujera da bargo a cinya. Mutane suka ci gaba da durƙusawa a gabanta. Dakta kuwa yana zuwa duk Talata ta ƙofar kicin, da jakarsa, ya wanke dungun ya sake bandeji. A gidan Alhaji an daina kiransa Honarabul.