Gwangwanin da Zubair Ya Ƙi Buɗewa

Ni Kezia, sana'ata dafa abin da ido ba ya gani. A ɗakin bincikenmu na jami'a muna zuba farar wuta da garin wani ƙarfe a bututun gilashi, mu kunna tanderun lantarki, tururin ya kwanta kan ɗan falle ya zama kiristal mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya tak. Da irinsa ake ƙera na'urar da ke jin haske. Amma fa ɗan banza ne, danshin iska kaɗan sai ya lalace. Shi ya sa muke rufe shi a gwangwanin ƙarfe, mu zuƙe iskar ciki, ba mai buɗewa.

Zubair abokin aikina ne, iyalinsa sun gudo daga Madagali suna sansanin 'yan gudun hijira na Malkohi. Mutumin kirki, sai taurin kan tsiya a kan doka.

Ranar da girkin ya fara yi mana kyau, muka hau keke mai ƙafa uku za mu tasha, a kai shi Abuja a auna. Muna daf da kasuwar Jimeta bam ya tashi. Keke ya kife. Na miƙe kunnena na zubar da jini, mutane na tattake juna.

Sai wani ya hango Zubair rungume da gwangwani.

"Ga ɗaya daga cikin masu bam ɗin nan! Kai, me ke ciki? Buɗe!"

Kun san abin da bawan Allahn nan ya yi? Ƙara ƙanƙame shi ya yi! Ya ce, "A'a, ba a buɗewa, iska za ta..."

Bai ƙarasa ba aka sauke masa katako a ƙeya. Bulo ya biyo baya.

"Hamma Zubair, sake shi mana!" Na yi ihu har muryata ta tsage. Ina! Duwatsu suka rufe shi, hannunsa bai saki ba. Na kutsa ciki, na sha nawa rabon, na ɓamɓare yatsunsa, na murɗe murfin, na zazzage a ƙasa. Ɗan falle ya faɗo, bai kai farcen ɗan yatsa ba.

Wani ya yi tsaki ya ce, "Ashe ba komai."

Suka watse. Na ɗora kansa a cinyata ina kira, bai amsa ba. Wallahi har yau haushinsa nake ji, kuma har yau ina kuka.

Bayan la'asar ni aka tura Malkohi in kai labarin rasuwarsa. 'Yarsa Munirat ce ta fara hango ni, ta sheƙo da gudu tana leƙen bayana.