Rumbun Marigayiya Fati

Husaina, ɗiyar Ma'azu manomin Kieshe, tana karatun jarida a Yamai aka zaɓe ta cikin musayar ɗalibai, ta tafi Beljiyam. Abin da ake koyarwa can suna kiransa aikin jaridar ƙasa da ƙasa. Iya abin da na gane, shi ne mutum ya iya ba da labarin gidansu yadda baƙo zai ji daɗin tausaya masa.

Da hutu ta dawo da kyamara. Malaminta ya ce kowa ya kawo ɗan fim daga ƙasarsa, wanda nasa ya fi za a ba shi gurbin koyon aiki a wani gidan talabijin. Ta fara da matan da ke noman zogale a bakin rijiya, ta aika masa. Ya amsa cewa aikin ya yi tsabta, amma bai ji Sahel a ciki ba. Husaina ba wawuya ba ce, ta gane abin da yake nufi da Sahel.

Bayan gidan Ma'azu akwai rumbuna. Nasa cike suke, har da wanda ya liƙe bakinsa da laka tun kakar bara waccan. Can gefe kuma akwai na matarsa Fati. Da ta rasu aka raba hatsinta, wani ga magada, wani sadaka. Shi kuma ya kasa zuba komai ciki, ya kasa rushe shi, har jinkar ta karkace. Nan Husaina ta tsayar da ubanta, ta ce ya leƙa ciki ya tuna Inna. Ya leƙa, kuma da gaske ya tuna ta. Sauran rumbunan kyamara ba ta waiwaye su ba.

Ta koma Beljiyam, fim ɗin ya ci gasa, aka sa shi a intanet. Wani malamin makaranta a Dogon Dutsi ya gani ya tura wa wani, kafin ranar kasuwa ya shiga wayoyin Kieshe. Bayanin da Faransanci yake, amma ba wanda ya nemi fassara. An ga Ma'azu ya sa kai cikin rumbu babu ko zangarniya, an ga fuskarsa da ya ɗago.

A wajenmu magidanci ba ya bari a ga gindin rumbunsa. In kuwa an gane ya ƙare, ba a tambayarsa. Maƙwabci yakan ajiye dami a ƙofarsa kafin gari ya waye, ya tafi, don kada a haɗa ido. Ma'azu ya fito sallar asuba ya tarar da damma jingine da bangon zaurensa. Kowa da irin ɗaurinsa, don haka ya san na kowa. Akwai na Abdussalamu, mutumin da gonarsa ta ƙone bana, wanda iyalinsa suka koma cin abinci sau ɗaya. A masallaci aka gaishe shi da wata irin taushin murya da bai taɓa ji ba. Ya fahimci har an yanke cewa rumbunansa, har da wanda ya liƙe, iska ya rufe a ciki don a ce yana da shi.

Ya kira Beljiyam.

"Husaina, kin gaya ma duniya ba ni da hatsi?"

"Baba, ni ban faɗi haka ba. Hoto ne kawai. Purofesa ma ya ce fuskarka ta fi duk abin da na rubuta."

"Uwarki nike tunawa."

"Na sani, Baba. Shi ya sa ya yi kyau."

Ya ce zai fasa lakar babban rumbu da rana tsaka, kowa ya gani, ya mayar wa kowa daminsa. Ta roƙe shi kada ya yi. Ta ce in ya yi haka wani zai ɗauka a waya ya liƙa ƙarƙashin fim ɗin, kuma can ba sa yafe wa ɗan jaridar da aka kama da ƙarya: gurbin zai tafi, makarantar ma za ta kore ta. Masu makarantar ne suka yi odar kayan, amma in an kama ɗan aike ba su san shi ba. Ta ƙara da cewa in zai yiwu ya sa a ɗauko mata hoton damman, don malaminta yana son kashi na biyu a kan zumuncin mutanen ƙauye.

Ma'azu ya kashe wayar.

Ya daɗe tsaye a zaure. Ko a ɓoye ba zai iya aika wa Abdussalamu hatsi ba, don wanda aka ce ba shi da shi ba ya bayarwa. Da hantsi ya yi, mutane suna wucewa gona, ya sunkuya ya ɗauki damin Abdussalamu a kafaɗa, ya shiga da shi gida a gaban idonsu. Ya ce wa surukarsa, matar ɗansa, ta sussuke wannan, shi za a ci yau. Sannan ya koma ya ɗauko sauran.